Gansakukar teku a ruwan burtsatse, za ta yi kuwa?

Wani ɗan uwa mai ƙyanƙyasar tarwaɗa daga wajen Auyo ya rubuto: "Malam, na ga ana tallar irin gansakukar teku a Facebook, wai da ita ake rainon 'ya'yan kifi. Ruwan burtsatse gare ni, in saya ko in bari?"

Ɗan uwa riƙe kuɗinka tukuna. Gansakukar teku irin su Nannochloropsis da Tetraselmis 'yar ruwan gishiri ce, shi kuwa ruwan teku kowace lita ɗaya akwai gishiri kamar giram 35 a ciki, kenan tankinka mai lita 1000 sai ya sha kilo 35, kuma gishirin miya kaɗai ba zai yi ba don akwai su magniziyam da ba ya ɗauke da su, ga sinadarin abincinta da sai ka yi oda, duk wannan wahalar saboda kifin da ko tekun bai taɓa gani ba. Haba.

In don 'ya'yan tarwaɗa ne, ɗaure kashin kaji a buhu ka jefa a wani tanki daban da rana ke duka, cikin 'yan kwanaki ruwan zai yi kore, ƙananan ƙwarin ruwa su taso su ci gansakukar, su za ka tace ka ba kifin.

In kuma noman gansakukar ne ya shiga ranka, ni sifirulina, wata irin gansakuka da ake ci, zan ce ka nemi irinta. Ita ruwan kanwa take so, shi ya sa matan Kanembu a Chadi suka daɗe suna kwasarta a tafkunan kanwa, su shanya ta a kan yashi, dihe suke ce mata. Zafin digiri 30 zuwa 35 ne daɗinta, ka ga ai garinmu ne, kuma in ta bushe wajen kashi 60 cikin 100 furotin ne. Zurfin ruwan kar ya wuce santimita 20 zuwa 30, a dinga juyawa, yuriya kuma kaɗan-kaɗan don in ta yi yawa kashe ta take. Fara da baho ɗaya ka gani. Amma don Allah kar ka ɗebo koren kududdufi ka ce ita ce, akwai masu guba da ke kashe dabba.

Ya kuma tambaya ko ya fara da hunturu. A'a, sanyi na tsayar da ita, bari sai Maris in zafi ya shigo.