Amsa ga Yayarmu ta Tawa kan wasan da ke hana ƙanenta barci

Yaya, barka da war haka. Tun jiya na ga tambayarki, cewa ƙanenki da ke karatu nan Yamai ya je hutu Tawa, kullum sai ya raba dare a gaban kwamfuta, ke kuma da kika leƙa ba ki ga gudu ko harbi ko ƙwallo ba, sai zanen mutane a tsaye da rubutu a ƙasa, wani lokaci har da jini. Kika ce ina daɗin wannan abu, kuma ko da abin tsoro a ciki. Na bari sai da na rufe shago na zauna, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Shekara bakwai ke nan ina cikin irin waɗannan wasannin.

Sunansa wasa, amma karatu ne, da Ingilishi ana ce masa visual novel. Labari ne mai tsawo da aka haɗa masa zane da kiɗa da sauti, kana latsawa rubutu yana fitowa layi bayan layi, a wasu kuma sai a tsayar da kai a ce zaɓi abin da za ka yi. Daga Japan ya fi fitowa. Tun 1994 kamfanin Chunsoft ya fitar da Kamaitachi no Yoru, inda dusar ƙanƙara ta tsare baƙi a wani masauki, aka kashe mutum, kai kuma dole ka gano wanda ya yi kafin a ƙare ku. Da yawa daga waɗanda suka biyo bayansa wannan sawun suka bi.

Ni wanda ya kama ni shi ne Higurashi no Naku Koro ni. Wani marubuci da ke kiran kansa Ryukishi07 ya fara fitar da shi a 2002, babi takwas, huɗu na tambaya huɗu na amsa, na ƙarshen a 2006. Higurashi sunan wani ƙwaro ne mai kuka da maraice, kukansa kamar na gyare a wurinmu. Labarin yana faruwa a watan Yuni na 1983 a wani ƙauye mai suna Hinamizawa. Yaro ya taso daga birni, ya sami abokai a makaranta, ana wasa ana dariya, har na ƙosa na ce wai ina abin da ake ta zuzutawa. Sai ya ji cewa shekara huɗu a jere, duk daren bikin ƙauyen sai mutum ɗaya ya mutu, ɗaya ya ɓace, kuma abokan nan nasa sun sani suka ɓoye masa.

Ba na mantuwa da daren da na kai wurin. Watan Afrilu ne, zafin Yamai ya kai inda ya kai, wuta ta ɗauke a Bukoki, na fito tsakar gida da tabarma, abin sauraro a kunne, batirin kwamfuta saura kaɗan. A cikin wasan yarinyar da ta fi kowa kirki tana tambayar yaron ko yana ɓoye mata wani abu. Sai kiɗan ya tsaya cak. Ba jini, ba ihu, kukan ƙwaron nan kawai. Wallahi sai da na cire abin kunne na waiwaya bayana. Daga nan ban ƙara yarda da kowa a labarin ba. Duk wanda ya yi murmushi sai na ce da wata a ƙasa, duk wanda ya kawo abinci sai na ce guba ce.

To a nan abin yake, Yaya. Da na kai babukan amsa, aka sake nuna mini waɗansu ranakun ta idon wani, sai na ga mutanen da na riga na yanke wa hukunci a zuciyata ba haka suke ba. Ba zan faɗi yadda aka yi ba don kada in ɓata wa masu niyyar karantawa. Amma na zauna shiru na daɗe. A fim kana kallon wani yana zargi. A nan kai ne mai zargin, kai ka latsa, kai ka tara hujja, kai ka gamsu, sannan a nuna maka cewa tsoro ne ya karanta maka hujjar. Mu da muka taso muna jin ana cewa zato zunubi, ban taɓa jin nauyin maganar a jikina ba kamar daren nan.

Kuma ya bi ni har shago. Bayan wata biyu jika goma ta ɓace a aljihun tebur, yaron da ke koyon gyaran waya a wurina shi kaɗai na bari lokacin da na je sallar La'asar. Komai ya nuna shi: ya ƙi haɗa ido da ni, ya nemi tafiya gida da wuri. Har na buɗe baki, sai na tuna. Na yi shiru na kwana. Washegari ƙanena ya zo ya ce shi ya ɗauka ya biya mai kawo kaya, ya manta bai faɗa mini ba. Yaron kuwa mahaifiyarsa ce ba lafiya, shi ya sa hankalinsa ba ya jikinsa. Yana nan wurina har yau, ya fi ni iya canza gilashin waya.

Sauran kowanne da hanyarsa. Umineko, na marubucin nan dai, daga 2007, dangi ne masu dukiya a wani tsibiri a 1986 ana rigimar gado, ana ta mutuwa a ɗakuna rufaffu, kuma duk maganar da aka rubuta da jan rubutu gaskiya ce da ba a musu, sai ka nemi yadda kisan ya yiwu ba tare da ka karya ta ba. Wannan har littafi na saya a Wadata ina rubuta wa ke ina da ƙarfe nawa, muna gardama a fada ana zagayen shayi. Ya ci mini wata huɗu. Danganronpa na 2010 ɗalibai ne aka kulle a makaranta, bayan kowane kisa a zauna shari'a, in aka nuna wanda ba shi ba kowa ya hallaka sai mai laifin. Ni dai launinsa da barkwancinsa sun yi mini yawa, amma matasa suna sonsa ƙwarai. Akwai kuma 999 na Kotaro Uchikoshi, 2009, mutum tara a jirgin ruwa da awa tara, wanda ba ka isa ainihin ƙarshensa sai ka bi wata hanyar ka faɗi tukuna.

Batun tsoronki kuwa, ba zan ce miki babu ba. Waɗannan ba na yara ba ne. A Higurashi akwai azabtarwa, akwai yarinyar da kawunta ke cin zalinta, kuma ba a sassauta ba. Akwai Doki Doki Literature Club na 2017, kyauta ake sauke shi, zanensa kamar na ƴan mata ƙanana masu son waƙa, amma a ciki akwai kashe kai, su da kansu sun rubuta gargaɗi tun a farko cewa ba na yara ba ne ko masu raunin zuciya. Wanda ke cikin damuwa kada ya kusance shi, da gaske nake. Sannan a wannan fanni akwai waɗanda batsa ce zalla aka lulluɓe da labari, ni ba na taɓa su, kuma ba na ba kowa. Ki duba ko akwai alamar PEGI, wato lambar da ke nuna shekarun da wasan ya dace da su, in kin ga 18 to na manya ne. Sai barci. Wanda ya ce bari in ƙarasa babi ɗaya, kiran Asuba zai ji. Ni yanzu sha ɗaya na yi nake rufewa, ko da an kai bakin tona asiri.

Amfani ɗaya da ban zata ba shi ne Ingilishi. Kaɗan ne aka fassara da Faransanci, don haka da ƙamus a waya na fara, yanzu ba na buƙatarsa sai jefi-jefi. In ƙanenki yana jami'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tunda ya wuce shekara ashirin kamar yadda kika ce, kada ki ƙwace kwamfutar. Ki zauna kusa da shi bayan Isha'i, ki tambaye shi sunan wasan, sannan ki ce masa wa yake zargi kuma don me. Za ki ga bakinsa ya buɗe. Sunan kuma ki turo mini a nan, in na san shi zan faɗa miki abin da ke ciki ba ɓoye-ɓoye, in ban sani ba zan tambayi ƴan fadarmu. A gaida mutan Tawa.