Hoton da ke shafinka, na wane ne?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan hoto suka taru. Bari mu fara da mai sauƙi.

"Malam, Islamiyyarmu ta buɗe shafin intanet, ni aka ɗora wa aikin. Ba mu da kuɗin sayen hotuna. Ina zan samu na kyauta da ba za su jawo mana rigima ba?" (Wani malamin makaranta, Katsina)

Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka ɗauka. Ka duba shafukan Unsplash da Pexels da Pixabay. Duk ukun sun yarda ka sauke hoto ka yi aiki da shi, ko da na kasuwanci ne, ba sisin kwabo, kuma ba dole sai ka rubuta sunan mai hoton ba, ko da yake rubutawar mutunci ce. Abin da suka hana shi ne ka sayar da hoton yadda ka same shi.

Sai dai ka buɗe ido. Kamfanin Getty Images, wanda sayar da hoto ne sana'arsa, shi ya sayi Unsplash a 2021, sauran biyun kuma suna hannun Canva, kamfanin manhajar tsara zane da hotuna. Shi ya sa za ka riƙa ganin hotunan sayarwa an jera su a gefen na kyauta, wani lokaci ma su ne a layin farko. Waɗanda aka yi wa alamar Unsplash+ na kuɗi ne. Kuma kowa na iya ɗora hoto a waɗannan wurare, har da wanda ya sato. In hoto ya yi maka kama da na jarida, saka shi a Google Lens ko TinEye ka ga asalinsa. Duk wanda ka sauke, ka ajiye adireshinsa da ranar da ka sauke a wani littafi. Hoton ɗalibanku kuwa, kada ka ɗora ko ɗaya sai da yardar iyayensu.

"Ni ban ga abin wahala ba. Duk hoton da ke Google ai na kowa ne. In ma ana tsoro, sai a rubuta 'haƙƙin mai shi ne' a ƙasa, shi ke nan." (Wani ɗalibi, Gusau)

Ɗana, wa ya gaya maka? Google ba shi da hoto ko guda a cikin waɗanda yake nuna maka, ɗan jagora ne kawai da ke nuna maka ƙofar gidan mutane. In ka ga babur a ƙofar masallaci da makulli a jiki, ka hau ka tafi, ka manna masa takarda cewa "na mai shi ne", ka fita daga sahun ɓarayi? Haƙƙin mallaka yana hawa kan hoto ne tun daga lokacin da aka ɗauke shi, ko an yi rajista ko ba a yi ba, ko da tambari a jiki ko babu. Nijeriya na da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, da hukuma sukutum da ke kula da ita. Nijar na da tata hukumar, BNDA. Goge tambarin kamfani daga kan hoto kuma ƙarin laifi ne a kan laifi. Ka koma ka karanta amsar da ke sama.

"Shafina na yawon buɗe ido ne. Wuraren hoton kyauta duk Turawa ne da dusar ƙanƙara. Ina zan samu hawan sallah da marina da kasuwanninmu?" (Wata matashiya, Kano)

Ƙanwata, gaskiyarki. Maganinki Wikimedia Commons, rumbun da Wikipedia ke ɗibar hotuna, mai fayil sama da miliyan 100. Akwai hawan daba, da marinar Ƙofar Mata, da Gidan Makama, da masallacin Agadas. Da yawansu 'yan ƙasa ne suka ɗauka suka ɗora, wasu ta gasar Wiki Loves Africa da ake yi tun 2014. Ki gwada nema da Hausa, da Turanci, da Faransanci in abin na Nijar ne.

A nan kowane hoto da sharaɗinsa, yana rubuce a ƙarƙashinsa. In kin ga CC0, an sallama shi gaba ɗaya. In CC BY ne, wajibi ki rubuta sunan mai hoton da sunan lasisin, ki sa adireshin inda kika samo, ki kuma faɗa in kin yi masa gyara. In akwai SA a ƙarshe, duk gyaran da kika yi wa hoton sai kin sake shi a kan wannan lasisin. A wasu wuraren, irin su Flickr, za ki ci karo da NC, wato ban da kasuwanci, da ND, wato ban da sauya hoton. Ke da kike karɓar kuɗin baƙi, NC ba naki ba ne. Mutane sun fi yin tuntuɓe a kan BY: sai su ɗauka, su ƙi rubuta suna, alhali sunan nan shi ne kaɗai ladan da mai hoton ya nema.

"Ina sayar da atamfa da leshi, ina kuma ɗinki. Hotunan da nake ɗauka ba sa kyau, sai nake ɗauko na manyan teloli a Instagram, wani lokaci na 'yan fim, in sa a shafina. Kowa haka yake yi. Akwai matsala?" (Wata Hajiya, Zariya)

Hajiya, akwai, kuma wasiƙarki ce ta hana ni barci. Haƙƙi uku kika ɗauka a hoto ɗaya. Na farko na mai ɗaukar hoton, wanda ya sayi kyamara da fitilu ya biya hayar shago. Na biyu na wadda ke cikin hoton. 'Yar mutane ce, wataƙila matar aure, ta wayi gari ta ga fuskarta tana tallan kayan da ba ta taɓa gani ba. Ko a wuraren hoton kyauta an hana a nuna kamar mutumin da ke cikin hoto ya yaba wa hajar wani. Na uku, wanda ya fi ci mini rai, na mai saye ne.

Bara ana saura kwana kaɗan ƙaramar sallah, 'yar maƙwabcina ta tura kuɗin da ta yi wata huɗu tana zubi a adashi, ta yi odar doguwar riga da ta gani a wani shafi. A hoto, aikin wuyan ya cika har kafaɗa, duwatsu a jere. Da ɗan saƙo ya kawo, ta buɗe ledar a tsakar gida a gaban uwarta: yadi sharara kana hango hannunka ta ciki, duwatsun an manna su da gam, biyu sun riga sun faɗo cikin ledar. Ba ta ce uffan ba, ta ninke ta shige ɗaki. Da tsohuwar atamfarta ta je idi. Mai shafin nan ban ce ta yi niyyar cuta ba, ƙila ita ma cewa ta yi kowa haka yake yi.

Iyayenmu a kasuwa suna da sunan wannan abin: algus. Ɗora manyan tumatir a saman kwando, a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Mun san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Hoton rigar wani a kan rigarki shi ne saman kwandon. Kuma ko ta fuskar riba ba ya kai ki ko'ina, don wadda kika ɓata wa sallah sai ta faɗa wa duk matan layinsu da na gidan biki.

Wayar da kika turo mini saƙo da ita ta isa. Goge gilashin kyamarar da gefen mayafi. Fita da kayan inuwar zaure ko bakin taga da hantsi, ki guji hasken ƙwan lantarki, don shi ke mayar da shuɗi ya koma wani abu daban. Shimfiɗa farin zanen gado. Ɗauki ɗaya daga nesa, ɗaya dab da ɗinkin, ɗaya da tambarin kamfanin atamfar a bakin zane, don mai saye ta san ko ta asali ce ko kwaikwayo. In kina son nuna salon da za ki iya ɗinkawa, nemi izinin mai shi, ki rubuta ɓaro-ɓaro cewa samfur ne. In ciniki ya buɗe, kira mai hoton unguwarku ya yi miki yini guda. Kuɗinsa bai kai ribar turmi kaɗan ba, amma ku yi magana tun farko cewa hotunan na talla ne.

"Ana tallan asusun Canva Pro a WhatsApp da ɗan kuɗi kaɗan, wai har abada. In saya?" (Wani mai shagon buga takardu, Maraɗi)

Kada ka saya. Kayan da ake biya da dala duk wata ba za a ba ka shi har abada a kuɗin katin waya ba. Galibi asusun makarantu ne ko na wani ake rabawa, ranar da aka rufe shi aikinka ya tafi, kuma lasisin hotunan ba da sunanka yake ba. Canva na kyauta ya ishe ka.

"An aiko mini da imel da Turanci daga ƙasar waje, wai wani hoto a shafin gidan abincina nasu ne, in biya ɗaruruwan daloli. Wani yaro na biya ya haɗa mini shafin, ban san inda ya samo ba. Kwana uku ban ci abincin kirki ba." (Wata uwar marayu, Kaduna)

Yaya, ki kwantar da hankalinki, ki ci abinci. Ba wanda zai zo ya kama ki a kan wannan imel. Kada ki biya yau, kada kuma ki danna wani adireshi da ke cikin saƙon, don 'yan damfara ma suna aika irinsa. Amma kada ki share shi, domin akwai kamfanoni na gaskiya da ke bin haƙƙin masu hoto, kuma Nijeriya tana cikin yarjejeniyar Berne tun 1993, wadda ta sa hoton baƙo ke da kariya a nan. Suna iya kai ƙara ga kamfanin da ke ajiye miki shafin a sauke shi.

Ki sa a cire hoton yanzu, duk da cewa cirewar ba ta goge abin da ya wuce. Ki kira yaron ya nuna miki inda ya samo, ƙila ma yana da lasisi. Sannan a rubuta musu a nemi shaidar cewa hoton nasu ne, da shaidar cewa mai shi ya wakilta su. In sun kawo, ki nuna wa lauya kafin ki amsa komai. Sau da yawa ana sasantawa a ƙasa da abin da aka fara nema, musamman ga ƙaramar sana'a irin taki. Sauran hotunan shafin kuma a bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ba a san asalinsa ba a sauke. Gobe da rana, in an sauke tukunya, ki zuba tuwonki da miyarki a kwano mai kyau, ki kai bakin taga, ki sa babbar 'yarki ta ɗauka.