Amsa ga mai tambaya kan Macbeth da tarihin zamaninsa

Wallahi 'yar uwa, da na karanta cewa malaminku ya dawo miki da aikinki kan mulki da tsoro a Macbeth, wasan kwaikwayon Shakespeare, wai "babu tarihi a ciki", sai da gabana ya faɗi. Abin da ya same ni ke nan a shekarata ta uku.

Mako uku na yi ina rubutu, shafi goma sha biyu, duk kan kwaɗayin sarauta da zugar matar Macbeth. Mutumin nan ya ɗaga takardata a gaban aji, ya ce ko ɗan sakandare zai iya taƙaita labari haka. Aka kwashe da dariya. Shafin farko kawai ya zagaye da jan biro, sauran ko buɗewa bai yi ba, don kusurwar da na lanƙwasa a shafi na biyar tana nan yadda na bar ta. Kuma bai ce mini ga abin da zan gyara ba. Ban ce Allah ya isa ba, amma na kusa.

Ni kaɗai na lalubo daga baya. Wajen 1606 aka rubuta wasan. A Nuwamban 1605 aka kama Guy Fawkes da ganga 36 ta albarushi a ƙarƙashin majalisar Ingila, ana shirin hallaka Sarki James. To ki duba hankalin 'yan kallon da aka nuna musu Macbeth ya kashe sarki yana barci! James ɗin kuma ya yi imani da mayu, har littafi ya rubuta a kansu a 1597, ga kuma mayu a cikin wasan. Amma Banquo, abokin yaƙin Macbeth, shi ne ya buɗe mini ido. A littafin tarihi na Holinshed, inda Shakespeare ya ɗebo labarin, da hannun Banquo a kisan sarkin. A wasan an wanke shi tas, saboda James na ɗaukarsa ɗaya daga cikin kakanninsa ne. Ashe marubucin ma taka-tsantsan yake yi da mai mulki.

Don haka kada ki jibge shekaru a gabatarwa ki wuce. Duk inda tsoro ya fito, ki tambaya: wa ake tsoro a lokacin? Haka marubucin wasan kwaikwayo Arthur Miller ya fake da shari'ar mayun garin Salem na Amurka ta 1692 ya taɓa su Sanata McCarthy masu farautar 'yan gurguzu a 1953, in kina son na kwatanci.

Ki ajiye kwafin aikin, don Allah. In za ki ofishinsa ki tafi da ƙawa, ki sa ya rubuta gyaran da hannunsa. Ni da baki ya faɗa mini a karo na biyu, daga baya ya ce bai faɗa ba.