Hukuncin naɗar hirar zawarawa a ɓoye don binciken jami'a

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina ajin ƙarshe a sashen nazarin zamantakewa, bincikena akan mutuwar aure ne. Na raba takardar tambayoyi kowacce sai ta rubuta "ƙaddara ce", shi ne nake zama da zawarawan gidan adashenmu ina kunna rikodin a waya cikin hijabi, ba su sani ba. Wani ya ce min ya halatta tunda Sahabi Huzaifa ma ya shiga cikin Ƙuraishawa a ɓoye.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, binciken kansa ba laifi, kuma gaskiyarki ne zama da su ya fi takarda, mace ba ta zazzage cikinta a layi biyu. Inda hukuncin ya juya shi ne "ba su sani ba". Wadda ta ce miki kishiya ce ta fitar da ita tana sharar hawaye da bakin mayafi, 'yar'uwa ta gaya wa, ba jami'a ba. Hadisin Jabir na Abu Dawud da Tirmizi ya ce in mutum ya yi magana sannan ya waiga to amana ce. Naɗar nan haramun ce.

Shi kuma mai kafa hujja da Huzaifa, Allah ya gyara. A yaƙin Khandaƙ ne fa, shekara ta 5 bayan hijira, rundunoni sun yi wa Madina ƙawanya, Annabi (SAW) da kansa ya aike shi cikin dare, ina haɗin wannan da matan da kuke zubi tare kuna cin tuwo kwano ɗaya? In ya ce maslaha ce, to maslaha ba ta buɗe haram alhali ƙofar halal na buɗe, kuma rangwamen yin ƙarya da ya zo a hadisin Ummu Kulsum wuri uku ne, yaƙi, sulhu, da tsakanin miji da mata, babu digiri a ciki.

Ki koma ki gaya musu, wadda ta yarda ki riƙe nata, wadda ta ƙi ki goge. Canza suna kaɗai bai isa ba, in kin rubuta "mai 'ya'ya huɗu da ke sayar da awara bakin masallaci" duk layin sun gane ta. Kar wayar nan ta je wajen mai gyara da muryoyinsu a ciki. Sannan takardun da suka rage kar ki zauna a ɗaki ki cike su da hannunki kamar yadda wasu ɗalibai ke yi, shaidar zur ce. Wallahu a'alam.