Wai tseren mota a filin ƙasa marar kwalta ba shi da haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Des Moines, jihar Iowa ta Amurka. Ɗana mai shekara 17 ya nace sai ya shiga tseren mota a filin Knoxville. Abokin aikina ya ce in kwantar da hankalina, wai ƙasa ce mai laushi, kuma daga ƙaramin aji zai fara. Ni dai barci ya ƙaurace mini.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Damuwarka tana kan hanya.

Filin Knoxville da'ira ce ta ƙasa mai tsawon rabin mil a filin baje kolin gundumar Marion. Sukuwar dawakai aka fara yi a wurin, mota ta shigo a 1901, tseren mako-mako ya kankama a 1954, babbar gasar Knoxville Nationals kuma tun 1961 ake yin ta. Da girman inji ake raba azuzuwan: 410, 360, sai ƙaramin da aka daɗe ana kira 305. Motar 410 tana da ƙarfin doki kusan 900, nauyinta har da direba bai kai kilo 700 ba, tana zagaye filin cikin kusan daƙiƙa 15.

Maganar laushin ƙasa kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Kullum sai wani wanda bai taɓa taka filin ba ya faɗa wa iyaye haka. Jiƙa ƙasar ake yi a daddanne ta, tayoyi su yi ta gogar ta har ta koma kamar daɓe. Inda danshi ya saura kuma sai ta yi ramuka, ta cafke taya ta wuntsilar da mota. Tayoyin nan a waje suke, ba abin da ya rufe su. Da zarar biyu sun haɗu, mota ta tashi sama ke nan tana alkafura, shingen gefe kuma ba ƙasa ba ne. Jason Johnson, wanda ya lashe Nationals a 2016, a filin ƙasa ya yi haɗarin da ya zama ajalinsa a Wisconsin a 2018. Gwani ke nan, ina ga ɗan koyo? Ƙaramin aji ma shinge ɗaya suke bugawa da manya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu tallan kwancen kayan kariya a Facebook, suna cusa wa yara hular babur da tsohon bel ɗin kujera. Motocin nan wani mai da ake kira methanol suke sha, wutarsa da rana da ƙyar ido ke ganin ta. Hular da ake nema mai alamar inganci ta Snell SA ce, wadda cikinta ke jure wuta. Bel mai alamar inganci ta SFI 16.1 wa'adinsa shekara biyu. A haɗa da rigar da ke jure wuta da abin riƙe wuya. Amana ce Allah ya ba ka, kada ka nemi rangwame a nan.

Ya fara da ƙananan motocin kart tukuna. Kafin nan ku je tare ran wata Asabar, ku zauna kusa da kwanar farko, ku gani da idonku.