Amsa ga Alhaji kan cajin mota a tashar wani kamfani (murya ce aka rubuta)

Assalamu alaikum jama'ar gida, 'yan wannan gurup namu, barkanmu da dare. Toh Alhaji na ji muryarka tun la'asar, ina kan rufin wani gida a Unguwar Rimi muna ɗaura fanel ɗin sola shi ya sa ban amsa ba. Ka ce ka ga bidiyo a Facebook wata Ford tana shan caji a wurin Tesla, shine kake tambaya wai in mutum ya sayi motar lantarki zai iya shiga tashar kowane kamfani ya jona, ko kowace mota sai gidan ubanta. Allah ya ba ka haƙuri Alhaji, ni na san abin da ke ranka. Motar nan ce da yaronka yake so ya turo maka daga Amurka, da kuma 'yar Chainar da dillali ya nuna maka, kana tsoron kar wata rana ta ajiye ka tsakanin Kateri da Jere ga magariba ta kawo jiki. Shi zan amsa.

Sunan da aka manna a gaban mota ba shi ne magana ba. Bakin cajin za ka duba, shi kuma bakin, ƙasar da aka ƙera motar dominta ita ke yanke shi. Motar da aka yi wa Turai bakinta CCS2. Ta Amurka CCS1, ko kuma na Tesla wanda yanzu suke kira NACS. Ta Chaina GB/T, ita har baki biyu gare ta, ɗaya na cajin gida ɗaya na mai sauri. Nissan Leaf ɗin nan tsofaffi kuma CHAdeMO, na Jafan. Ita kanta Tesla ɗin baki uku take fitowa da shi, ta Amurka daban, ta Turai CCS2, ta Chaina GB/T. Kenan kai da maƙwabcinka kuna iya sayen mota iri ɗaya launi ɗaya, tashi ta sha caji a wuri, taka ko shiga kan cajar ba zai yi ba. Mu kuma nan kowa ya san yadda muke, kwantena ɗaya daga Amurka, ɗaya daga Dubai, ɗaya daga Guangzhou, duk a zube su a gari ɗaya.

Na ga wani ɗan'uwa ya rubuto ɗazu wai ai kamar cajar waya ce, ka sayi ɗan kai a kasuwa ka ƙara shikenan. A'a malam, ba haka ba ne. Ai ba wuta kawai ke bin kebul ɗin ba, hira suke yi. Kafin injin ya saki ko ɗigon wuta sai mota ta gaya mishi ga bolt ɗin da nake so, ga iya abin da zan iya ɗauka, ga zafin batirina, suna yi suna sake yi har a gama. To CCS yarensa daban, ana ce mishi PLC, GB/T da CHAdeMO kuma da CAN suke magana. Kamar ka haɗa Bahaushen da bai taɓa fita Kauru ba da mutumin Ibadan ka ce su yi ciniki, dole sai da tafinta. Adaftar da ke haɗa CCS2 da GB/T tafinta ce, akwai 'yar kwamfuta a cikinta, irin wadda na saya har ɗan batiri gare ta a ciki. Ita kuwa wadda ka gani a bidiyon Ford ɗin, canjin baki ce kawai, saboda can yarensu ɗaya ne tsakanin injin Tesla na yanzu da motar CCS.

Yauwa, bidiyon. Gaskiya ne ba haɗi ba ne. Tesla ta fara buɗe tashoshinta ga wasu motoci a 2022... a'a tsaya, 2021 ne, watan Nuwamba, a Holan suka fara gwaji, can abin ya zo da sauƙi tunda duk CCS2 ne. A 2022 ɗin shine suka fito da zanen bakin nasu na Amurka suka ce kowa ya ɗauka, suka raɗa mishi NACS. Ford ce ta fara amsawa a watan Mayun 2023, kamfanin motoci na GM ya biyo baya a Yuni, daga nan kusan kowa ya bi layi, masu Ford suka fara jonawa a farkon 2024 da adafta. Amma ko a Amurkan ba kowace tasha ba, tsofaffin da ake kira V2 ba sa karɓar baƙo, sai V3 mai kilowat 250 da V4. Kuma baƙo ya fi ɗan gida biyan kuɗi sai in yana biyan na wata-wata, kuma in ka cika ka bar motar a jone ka tafi cin abinci wurin ya cika, kowane minti caje ka ake yi. Ga kebul ɗinsu gajere, an auna shi ne da Tesla mai baki a baya ta hagu, sai ka ga mai wata motar ya tare gurbi biyu kafin ya kai, ana ta hararar juna.

Amma Alhaji duk wannan labarin wasu ne. Babu Supercharger, wato tashar cajin sauri ta Tesla, a Najeriya, ko ɗaya. Ko yaronka ya turo maka Teslar ce da kanta, a tashar wani za ka roƙi wuta, kai ne baƙon. Kuma ka ce mishi ya shiga allon motar ya duba inda aka rubuta ko tana karɓar adaftar CCS, domin na kafin ƙarshen 2020 da yawansu sai an canja musu wani abu a ciki tukuna. Sannan ka tambaye shi tsakani da Allah, ba mai hatsari ba ce ta gwanjo da aka gyara? Domin Tesla tana rufe wa irin waɗannan cajin sauri sai an kai sun duba, kai kuma a Kaduna ina za ka kai.

Bari in ba ku nawa, wasu sun sha ji amma sai na sake. Tawa 'yar Chaina ce, na saye ta bayan an cire tallafin mai a 2023, lokacin da kowa ya rikice. Dillalin nan, ba zan kama suna ba yana da 'yan'uwa a gidan nan, na dube shi na ce malam a Abuja fa? Ya ce wallahi ko'ina tana sha. Ko'ina! Na cika ta dam a gida na kama hanya, kilomita wajen 190 ne, lafiya lau na shiga Zuba, esi a kunne ina jin kaina. Na yi zirga-zirgata cikin gari, ga goslo, wajen ƙarfe 4 ta sauko kashi 20 da wani abu, na nufi wata tasha da aka kwatanta min. Injin sabo fil yana ƙyalli, kai biyu. Na buɗe murfi, yaron wurin ya ɗauko kan cajar ya duba ya duba, ya juya shi, ya ce oga wannan ba irin namu ba ne. Duk biyun CCS2. Na kira dillali, waya tana shiga ba a ɗauka. Na sake kira. Na uku ma sai aka ce min a kashe take.

A Kubwa na kwana gidan surukina, mutumin da ban taɓa kwana gidansa ba tun da na auri 'yarsa, ka ji abin kunya. Muka jawo waya ta taga muka jona ƙaramar cajar nan ta soket ɗin bango, wadda da ƙyar take ba da kilowat 2. Ku yi lissafi, ina buƙatar wajen kilowat-awa 30 kafin in yarda in hau hanyar Kaduna, awa 15 kenan in wuta ta tsaya. Ƙarfe 12 na dare aka ɗauke. Da asuba na fito na tarar ma kan soket ɗin ya fara narkewa, Allah ne ya tsare da na ƙona wa surukai gida. Ni da aikina kenan wuta! A nan na bar ta na hau jirgin ƙasa daga Kubwa zuwa Rigasa, mai mota guda ina tsaye ina cinikin keke napep, sai bayan kwana biyu na koma na ɗauko ta.

Kuma bai ƙare nan ba. Na yi odar adafta, kuɗin da zai sayi ragon layya mai kyau har da canji. Ta iso, na koma tashar nan ina taƙama, muka jona, shiru. Ashe ɗan batirin cikinta ne ya mutu a hanya. Na caja shi na dawo, ta fara hira da injin, daƙiƙa kaɗan ta yanke. Sai da mai sayarwar ya turo min wani fayil na zuba mata ta USB sannan ta yarda da wannan injin. Na je wata tashar daban, ta sake ƙi. Har yau akwai inda take yi akwai inda ba ta yi, kuma in ta ƙi, mai tasha ya ce adaftarka ce, mai adafta ya ce injinsu ne, kai kana tsaye cikin rana. Shi kuwa dillalin da muka haɗu wurin ɗaurin aure a Tudun Wada cewa ya yi ai shi cajin gida yake nufi. Na bar shi da Allah. A'a ban bar shi ba ma tukuna, akwai sauran magana tsakaninmu, amma ba nan ne wurinta ba.

Ina muka tsaya... yauwa, sauri. Ko baki ya dace, kar lambar da aka rubuta jikin injin ta ruɗe ka. In an rubuta kilowat 150 ko 350, motarka iya cikinta za ta ɗauka. BYD Atto 3 mai babban batirin nan, kilowat 88 ne ƙarshenta, ko wane inji ka kai ta. Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6 kuma masu bolt 800 ne, a injin da ya dace da su daga kashi 10 zuwa 80 minti 18 ne, amma ka kai su Tesla V3 sai su koma tafiyar hawainiya domin shi an yi shi ne don motocin bolt 400. Kuma kowace mota in ta haura kashi 80 sai ta rage sha, wannan 20 ɗin na ƙarshe yana iya cin lokacin da ya kusa na farkon, ka cire kawai ka ba na bayanka. Masu sha'awar tsohuwar Leaf saboda araha kuma, ita batirinta ba ruwan sanyaya shi, ku tuna zafin Maris da Afrilu a garin nan, ka taso daga Zariya da gudu ka jona mata mai sauri, da kanta za ta rage don kar ta dafu. In ma ka samu CHAdeMO ɗin kenan.

Sai biyan kuɗi, wannan ma wani ciwon kai ne. Wata tashar sai ka sauke manhajarsu ka yi rajista ka zuba kuɗi a ciki, lambar sirri ta ƙi shigowa saboda sabis, wata kuma yaro ne zai karɓi tiransifa ya kunna maka. Ka sauke tun kana gida. Kuma kar ka yi tsammanin farashin mitar gidanka, tun Afrilun 2024 da aka kai Band A, wato layin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit kowa ya ji a jikinsa, balle mai injin da ke jan kilowat 60 lokaci guda, sai da layi uku, wani sai da taransifomarsa, in an ɗauke wuta wani janareta zai tayar. Motar lantarki tana shan dizal ta bayan gida, toh.



Alhaji in ni ne kai, kuma Abuja da Kano ne zirga-zirgarka, kafin ka biya ko sisi ka kira wuraren da kake tunanin za ka riƙa tsayawa, ka ce su ɗauko maka hoton kan cajarsu, ba hoton allon kamfani ba. Sannan yaronka da dillalin kowa ya buɗe murfin motarsa ya ɗauko hoton bakin, a turo nan gidan in duba maka. Kar ka yarda da wallahi, hoto. In cikin gari ne kawai, Malali zuwa kasuwa zuwa Barnawa, to duk wannan surutun nawa bai dame ka ba, ka sa caja mai kilowat 7 a gida da waya mai kauri da nata birekan daban, batiri mai kilowat-awa 60 cikin awa 9 ya cika, amma fa kar a ce rewayan unguwa ya... af, an kawo wuta. Bari in je in jona tawa kafin su ɗauke, a turo hotunan zan gani da safe in Allah ya kai mu.