Filin Tambaya da Amsa: Tsakanin "Lethal" da "Fatal"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar koyon aikin jinya ce a Gusau. A littafinmu na magunguna ina yawan cin karo da "lethal dose", a jarida kuma ina ganin "fatal accident". Ƙamus ya ce duka biyun "mai kisa" ne. Shin zan iya sa wannan a madadin wancan?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, gajarce miki zance ya yi.

"Lethal" sifa ce ta abin da ke da ƙarfin kashewa, ko ya kashe ko bai kai ga kashewa ba. Kwalbar fiya-fiya da ke ƙarƙashin gado "lethal" ce ko da ba wanda ya taɓa ta. Haka hayaƙin janareta a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. Ita kuwa "fatal", a yawancin magana, sai an rasa rai ake kiran ta. Tushenta kalmar Latin ce, "fatum", wato ƙaddara, shi ya sa a kunnena ba abin da ya fi kusa da ita kamar mu ce "abin nan ne ya zama ajalinsa".

Lokacin da nake koyar da Turanci a wata sakandare, wani yaro ya yi sati biyu bai zo ba. Ya dawo da hannu a ɗaure, ya miƙo mini takardar uzuri. A ciki ya rubuta cewa ya yi "fatal accident" a kan babur. Na dube shi, na dubi takardar, na ce, "To, Allah ya jiƙanka. Wa ya rubuto mana wasiƙar?" Aji ya kwashe da dariya, shi kuma ya tsaya sororo. Ba laifinsa ba ne; a Turancinmu na Najeriya mun saba cewa "fatal" ga duk mummunan hatsari. Amma ko Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, a rahotanninta, kashi uku take raba hatsari: "fatal" wanda aka mutu, "serious" mai tsanani, da "minor" ƙarami. Na yaron nan na tsakiya ne.

Mu dawo littafinki. "Lethal dose" shi ne adadin magani ko guba da ya isa ya kashe. Za ki ga an rubuta LD50, wato adadin da ke kashe rabin dabbobin da aka gwada abin a kansu, yawanci ɓeraye. Wani masanin magunguna ɗan Ingila, J. W. Trevan, ya fito da wannan ma'auni a 1927. Ki lura da kyau, don ɗalibai suna yawan juya shi: ƙanƙantar lambar ita ce alamar tsananin gubar. Haka kuma ake cewa "lethal injection", allurar da ake zartar da hukuncin kisa da ita, wadda jihar Texas ta Amurka ta fara amfani da ita a 1982. Kalmar "lethal" ta fito daga "letum", mutuwa a Latin. Harafin h ya shigo ne saboda an danganta ta da Lethe, kogin mantuwa a tatsuniyoyin Girkawa.

A asibiti iyakar da ke tsakanin kalmomin biyu ba ta da kaifi sosai. Za ki ji likita ya ce ciwon haukan kare "fatal" ne da zarar alamu sun bayyana, alhali majinyacin yana numfashi. Nufinsa ƙarshen abin mutuwa ce, kusan ba makawa.

Akwai ta uku, "deadly". Ita ce ta yau da kullum, kuma ta fi su faɗi: maciji, makami, annoba, duk tana hawa kansu. Idan kin rasa wadda za ki ɗauka, ita ce ba ta cika ba da kunya ba.

Sai aron magana. Masu sharhin ƙwallo sukan kira ɗan wasan gaba "lethal" idan ba ya ɓarar da dama, kwamfuta kuma takan rubuto "fatal error" idan manhaja ta tsaya cak. A jarrabawarki dai, adadin magani "lethal" za ki rubuta. Idan majinyaci ya sha ya rasu, sakamakon ne ya zama "fatal".